Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, to keken hawan dutse fa? Sharhi kan mayar da birki da giya gefe guda

A rumfar wani mai gyaran keke da ke bakin hanya a Aboabo, cikin Kumasi, wani matashi ya turo kekensa da hannun hagu, na dama kuwa yana rataye a ƙirjinsa cikin ƙyalle. Keken irin mai faɗin tayar nan ne mai giya 21, wanda samari ke kira mawuntin. Wata huɗu ke nan da babur ya kayar da shi. Ƙashi ya haɗe, hannun dai bai dawo ba.

"Masta, so nake ka kwashe komai ka mayar mini nan," in ji shi, yana nuna ƙahon keken na hagu, wato sandar tuƙi, da haɓarsa.

Mai gyaran ya matsa libar hagu, ya sunkuya ya ga tayar da ta kama. Ta gaba ce. "Ɗana, wannan kaɗai in ka damƙe ta a gangara, ta kai za ka sauka. In haɗa maka birkin biyu a liba ɗaya, ko in jera maka libobi biyu?"

Kafin yaron ya amsa, mazauna benci sun rabu. Wani ya ce ya sayar da keken ya riƙa hawa trotro, wato bas ɗin haya, rai ya fi. Wani ya zaro waya yana nuna bidiyon wani bature mai hannu ɗaya yana sauka daga kan dutse kamar an jefo shi. Na uku ya ce ai doka ma ba za ta bari ba. Kowannensu ya riƙe wani ɓangare na maganar, amma tambayar da mai gyaran ya yi ita ce ainihin inda gizo ke saƙa, kuma amsarta ta dogara ga abubuwan da ba a cika ambata a kan benci ba.

## Wane irin "hannu ɗaya"?

Mutane uku ne ake haɗawa a suna ɗaya. Akwai wanda aka yanke wa hannu. Akwai wanda hannunsa yana nan amma ya shanye, ba motsi, wani lokaci ba ya ma jin taɓi. Akwai kuma wanda hannun yana iya dafa ƙahon keke amma yatsun ba su da ƙarfin matsa birki. Na ukun nan matsalarsa ta libobi ce kawai, domin yana da inda zai jingina nauyinsa. Na farko da na biyu kuwa har tuƙin kansa sai an sake masa tsari.

Abin da ya fi jefa matasa cikin rukuni na biyu shi ne raunin tarin jijiyoyin da ke fitowa daga lakar wuya ta saiwoyi biyar, su ratsa kafaɗa su sauka hannu, waɗanda likitoci ke kira birakiyal fileksos. In mutum ya faɗo daga babur, kai ya yi gefe, kafaɗa ta yi ƙasa, jijiyoyin kan miƙe fiye da kima, ko su tsinke, ko su tumɓuke daga laka. Shi ya sa mai ɗori zai iya haɗa ƙashi sumul, hannun ya ci gaba da lilo. A duniya baki ɗaya haɗarin babur na kan gaba wajen haddasa wannan rauni ga manya, kuma duk wanda ya san yawan babura da masu ƙafa uku, pragya na fasinja da aboboyaa na kaya, a titunan Asawase da Sawaba ba sai an yi masa dogon bayani ba. A 2012 dokar hanya, L.I. 2180, ta haramta kabu-kabu da babur a lokacin, amma okada bai ɓace daga titi ba.

Akwai lissafin lokaci a nan da ya kamata ya zo kafin maganar sufana. Jijiyar da ke warkewa tana tsirowa kimanin milimita 1 a rana, wato inci ɗaya a wata. In kuma tiyata ake bukata, sakamakonta ya fi kyau idan an yi ta cikin wata 3 zuwa 6 na farko, domin tsokar da ta daɗe jijiya ba ta isa gare ta ba takan kai matakin da ba ta farfaɗowa. Matashin da ke wata na huɗu, ke nan, ya fi bukatar ya koma asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda mutanen gari ke kira Gee, a duba jijiyoyin, kafin ya sake kai kafaɗar nan inda za ta daki ƙasa. Likita da masu gashin ƙashi su ne za su ce ko lokacin hawa ya yi.

## Abin da birki ke yi wa jiki

Keke yana da birki biyu, amma ba rabin aiki kowanne ke yi ba. Da an taka birki nauyin mahayi yakan zubo gaba, tayar gaba ta ƙara mannewa da ƙasa, ta baya ta yi sakayau. A busasshiyar kwalta birkin baya shi kaɗai yana ba da kusan rabin ƙarfin tsayawar da na gaba ke bayarwa, saboda haka tazarar tsayawa takan kusa ninkawa. Wanda ya ce a cire birkin gaba a huta, kamar yadda yara da yawa ke yi a zango, ya yar da mafi yawan birkinsa ne.

Na gaban kuma yana da nasa sharrin. In aka damƙe shi da ƙarfi a wuri mai riƙo, tayar baya ta ɗaga, mahayi ya wuce ta saman ƙaho. In a kan tsakuwa ne ko jar ƙasa mai santsi bayan ruwa, tayar gaba ta kulle ta zame, faɗuwa ce nan take. Tayar baya in ta zame ana iya gyara zama a ci gaba, ta gaba ba ta ba da wannan dama. Mai hannu biyu yana auna wannan da yatsunsa ba tare da ya sani ba: ƙarin gaba a kan kwalta, ƙarin baya a kan burji. Duk gardamar da ke tafe a kan yadda za a riƙe wannan awon ne da hannu guda.

Wani abin da ke rikita mutane a Kumasi shi ne ba a san gefen da birkin gaba yake ba sai an matsa. Ƙasashen da ke tuƙi ta dama, kamar Amurka da yawancin Turai, sun saba sa birkin gaba a hannun hagu. Ingila da Japan, masu tuƙi ta hagu, suna sa shi a dama. Ghana ta koma tuƙi ta dama tun ranar 4 ga Agusta 1974, amma kekunan gwanjo suna shigowa daga ɓangarorin biyu. Don haka kekuna biyu da ke jingine a bango ɗaya suna iya zama kishiyoyi, kuma abin da mai gyaran nan ya fara yi, wato matsa liba ya duba, shi ne daidai.

## Liba ɗaya ko libobi biyu

Hanya ta farko ita ce liba guda mai jan waya biyu. Ana ƙera irinta, kamfanin Problem Solvers na Amurka yana da wadda ya kira Double Barrel, kuma kekuna masu ƙafa uku na manya sukan zo da makamanciyarta. Masu goyon bayanta suna da hujja mai ƙarfi. Ba abin da mahayi zai tuna lokacin da pragya ta yanko masa ba zato: matsa ɗaya, tayoyi biyu su kama. Yatsu biyu na kan liba, uku na riƙe da ƙaho. Ga wanda hannunsa mai lafiyar ma ba cikakken ƙarfi gare shi ba, ko dattijo, ko wanda ke zirga-zirga tsakanin gida da kasuwa, wannan sauƙin ba ƙaramin abu ba ne.

Masu suka suna kawo abu uku. Ƙarfin hannun yana rabuwa gida biyu, don haka sai an ƙara matsawa kafin a sami abin da aka saba samu, kuma a doguwar gangara hannu ɗayan da ke tuƙi shi ne ke gajiya. Rabon da ke tsakanin gaba da baya kuma ya zama na dindindin, yadda mai gyara ya ɗaure shi a rumfa haka zai zauna, ko kwalta ake bi ko tsakuwa. Na uku shi ne mafi nauyi: in kusar libar ta fita ko libar ta karye, birkin biyu sun tafi tare. Ƙa'idar ƙera kekuna ta duniya, ISO 4210, ta nemi keke ya kasance da birki biyu masu aiki kowanne da kansa, kuma dalilinta ke nan.

Ko a cikin masu liba ɗaya akwai saɓani kan wanda zai fara kamawa. Wasu sukan ɗaure wayar baya ta riga ta gaba da ɗan kaɗan, domin keke ya natsu kafin nauyi ya zubo kan hannu guda. Wasu sukan fifita gaba don kada a rasa ƙarfin tsayawa. Ga mai koyo a kan ƙasa mai zamewa, na farkon ya fi yafiya. Amma robar birkin biyu ba ta cinyewa daidai, saboda haka awon da aka yi yau yakan goce bayan makonni, sai an riƙa komawa ana gyara shi da ɗan sukurun da ke bakin waya.

Hanya ta biyu ita ce a jera libobi biyu a ƙaho ɗaya, wata bisa wata. Ana ciro libar ɗaya gefen, a kifa ta, a zura ta kusa da 'yar'uwarta, a ɗan karkatar da ita ƙasa. Wurin riƙo a ƙahon irin waɗannan kekuna kaurinsa ɗaya ne, milimita 22.2, don haka libar tana shiga ba sai an fafe komai ba. Manuniya ta ɗauki liba ɗaya, ɗan yatsan tsakiya ya ɗauki ɗayar, babban yatsa da ƙananan biyu su riƙe ƙaho. Birkin biyu sun ci gaba da zama masu zaman kansu, mahayi yana da ikon auna kowanne, kuma kuɗin bai wuce na doguwar waya da ladan aiki ba. Kamfanin Hope na Ingila ya ƙera irin wannan tsari a jiki ɗaya don birkin mai, wanda mai ke turawa maimakon waya, sunansa Tech 3 Duo, libobi biyu a mazauni guda.

Tsadar wannan hanya a yatsu take. Yatsa ɗaya a kan tsohon birkin roba mai tsatsa a waya ba ya tsayar da babban mutum a gangara. Dole birkin ya yi laushi: sabuwar waya, sabon bututu, roba mai kyau, rim ɗin da ba ya rawa. Sannan akwai koyo. Makonnin farko yatsu sukan rikice, kuma a ƙarƙashin firgita mutum yakan damƙe duk abin da ya samu. Da yawa sukan ba manuniya birkin gaba, domin ita ta fi sanin awo.

In aka ɗora su a sikeli, ga mai yatsu biyar lafiyayyu da ke son komawa hanyoyin burji, ko gangaren da ke sauka daga Kuntanase zuwa Abono a bakin tafkin Bosomtwe, libobi biyu sun fi dacewa, domin can ne ƙasa ke sauya hali daga taku zuwa taku. Ga mai raunin yatsu da ke bin titin gari a hankali, liba ɗaya zaɓi ne mai ma'ana muddin ana duba ta a kai a kai.

Akwai tarkuna biyu da ke kama masu gyara. Na farko, libobi ba ja ɗaya suke yi ba. Birkin V, mai dogayen hannuwa biyu a gefen taya, yana son libar da ke jan waya mai yawa. Tsohon samfurin da ya gabace shi yana son gajeren ja. In aka haɗa su a karkace, ko dai libar ta taɓo ƙaho birki bai kama ba, ko ta yi tauri kamar dutse ba ƙarfi. Na biyu ya shafi birkin mai. Kamfanin Shimano na amfani da man ma'adini, Hope da yawancin tsofaffin birkunan kamfanin SRAM na amfani da man birkin mota na DOT, kuma in aka zuba wannan a gidan wancan robobin ciki sukan lalace. Libar SRAM an yi ta ne ta zauna kowane gefe, ta Shimano kuwa akwai ta dama akwai ta hagu, in aka kifa ta iska na iya shiga layin. Ana kuma sayar da mahaɗin da ke raba man liba ɗaya zuwa tayoyi biyu, amma a wannan tsarin yoyo ɗaya ya isa ya kwashe birkin gaba ɗaya. A garin da kowane mai gyara na bakin hanya yake da wayar birki amma ba kowa ke da kayan fitar da iska daga birkin mai ba, waya ta fi rufin asiri.

Maƙeran Suame Magazine, unguwar maƙera da masu gyaran mota ta Kumasi, ba abin da zai gagare su a nan. Suna iya yanka ɗan ƙarfe mai huda uku, wayar liba ta kama tsakiya, wayoyin taya biyu su kama gefe, irin yadda birkin hannu na mota yake raba ja. Sai dai a tuna, in waya ɗaya ta tsinke ƙarfen zai karkata, ɗayar ma ta saki, sai in an yi masa abin da zai tare karkatar. Ƙahon alminiyam kuma ba a huda shi, ba a yi masa walda. Daga inda aka taɓa shi yake tsagewa, ba kuma ya sallama.

## Birkin ƙafa

Hanya ta uku ta fi tsufa: birkin da ke cikin cibiyar tayar baya, wanda ke kamawa in an mayar da feda baya. Hannu ya ji da gaba, ƙafa ta ji da baya, kowanne da kansa. A cikin gari wannan tsari ne mai kyau ƙwarai. Matsalarsa ba ya tafiya da giyar waje mai sauya sarƙa, sai keke mai giya ɗaya ko mai giyar cikin cibiya, kuma ba a iya juya feda baya don daidaita ƙafa kafin dutse ko kwata. Yana kuma zafi a doguwar gangara. Tseren da ake dangantawa da haihuwar keken hawan dutse, wanda aka fara a 1976 a gundumar Marin ta Kalifoniya, sunansa Repack, wato "sake cusawa", domin man cibiyar irin wannan birki yakan ƙone a sauka ɗaya, sai an sake cusa wani.

## Giya

Nan aikin bai kai na birki wuya ba. Makunnin giyar baya a dama yake, na gaba a hagu. Wanda hannun damansa ya tsira ya riga ya sami mai muhimmancin. Giyar gaba kuwa ana iya sallamarta: a bar sarƙa a faifan tsakiya, a ɗaure sukurori biyun da ke iyakance motsin abin sauya sarƙar, ya zama mai tsaronta kawai. Giya 21 ta koma 7, sun kuwa isa yawancin tudun Kumasi. Manyan kamfanoni ma can suka nufa, tun da SRAM ta fito da tsarin faifai ɗaya a gaba mai giya 11 a 2012, sannan mai 12 a 2016.

Mai hannun hagu shi ke da ɗan aiki. Ana iya kifa makunnin dama a gefen hagu, ya yi aiki amma a juye. Ana iya sa irin wanda ake murɗawa, sai dai hannun da ke murɗa shi ne kaɗai ke riƙe da keke, kuma rami na iya sauya giya ba a shirya ba. Tsohon makunnin babban yatsa, wanda ba ya ƙas-ƙas, bai damu da gefe ba, yana kuma cikin tarkacen masu gyara da yawa. Akwai giyar lantarki marar waya, irin AXS da SRAM ta kawo wa kekunan dutse a 2019, wadda maɓallinta ke zama duk inda aka so, amma kuɗinta ya ninka na keken da ake magana a kai sau da yawa. Abin lura shi ne cunkoso: libobi biyu, makunnin giya da ƙararrawa a tazarar da ba ta wuce tafin hannu ba. Birki ake fara zaunarwa, sauran su nemi wuri.

## Kan keke yana juyawa da kansa

Ko birki ya yi daidai, tsugune ba ta ƙare ba. In mai hannu biyu ya taka birki, nauyinsa yana tura ƙaho ta gefe biyu daidai. Mai hannu ɗaya yana tura gefe guda, sai kan keke ya nemi juyawa a daidai lokacin da ake son ya miƙe. Haka in taya ta daki dutse ko tudun rage gudu.

Maganin farko a jiki yake: a sauke sirdi kaɗan, a matsar da ƙugu baya, a sauke dunduniya a kan feda, domin ƙafafu da tsokar ciki su karɓi turin maimakon hannu. Na biyu a ƙaho yake. Kekunan dutse na yanzu ƙahonsu yakan kai santimita 74 zuwa 80, kuma iya nisan hannu daga tsakiya, iya ƙarfin da turin ke juya kai. Wasu sukan rage tsawon ƙahon ko su matso da hannu ciki. Abin da aka samu a birki kuma ana rasa shi a kan duwatsu, inda dogon ƙaho ke taimakawa wajen danne tayar da ke son kaucewa. Gara a matso da libobi ciki a gwada kwanaki kafin a sa zarto. Gefen da ba kowa kuma kada a guntule shi, a toshe bakinsa da roba, domin shi ke karɓar ƙasa in keke ya faɗi, buɗaɗɗen bakin bututu kuma yana huda ciki.

Akwai na'urar da ke sa kan keke ya ɗan yi nauyin juyawa, irin ViscoSet na kamfanin Cane Creek. Wasu masu gyara sukan kwaikwayi wannan ta hanyar ɗaure boris ɗin wuya da ƙarfi. An gudu ba a tsira ba: boris ɗin yakan ci rami, kan ya riƙa maƙalewa a tsakiya, keke kuwa da ƙananan juye-juyen kai yake tsayuwa a miƙe. Taya mai faɗi da aka ɗan rage wa iska ta fi wannan dabara amfani, ba ta kuma cin ko sisi.

## Hannun da ya ji rauni: a ɗaure ko a rataye?

Hannun da ya shanye yana da nauyi. In aka bar shi yana lilo yana jan kafaɗar da tsokarta ta saki, yana kuma iya bugun wani abu mai shi bai ji ba. Shi ya sa da yawa sukan ɗaure shi a ƙirji da majanyi mai kama jiki. Wasu kuma sun fi son a mayar da shi kan ƙaho, domin kafaɗu su daidaita, nauyi ya rabu. Tom Wheeler, ɗan yankin Wales na Birtaniya, wanda hannunsa na dama ya shanye bayan faɗuwa a tseren gangara a 2011, ya koma hawa da abin tallafi da aka ƙera masa mai riƙe hannun a kan ƙaho.

Duk masu wannan ra'ayi sun haɗu a sharaɗi ɗaya: abin da ya riƙe hannun dole ya saki in an faɗi. Ɗaure hannu a ƙaho da robar tsohon tub, wanda shi ne abin da zai fara zuwa ran mutum a rumfar gyara, yana nufin keke zai ja kafaɗar duk inda ya yi. Wanda aka yanke wa hannu kuma, hannun roba na kwalliya ba a yi shi don ɗaukar nauyi ba. Irin wannan aiki na masu ƙera gaɓoɓi ne, kamar cibiyar Orthopaedic Training Centre da ke Nsawam, wadda ke aiki tun 1961. Hular kwano kuwa ta ƙara zama dole, tunda hannun da mutum ke tarar ƙasa da shi ya ragu, wanda ya rage kuma shi ne na cin abinci da alwala da sana'a.

## Doka, titi da aljihu

Mai maganar doka a kan benci ya wuce gona da iri. Yarjejeniyar Vienna ta 1968 kan zirga-zirgar hanya, wadda ƙasashe da yawa suka gina dokokinsu a kai, abin da ta hana shi ne hawa keke ba tare da riƙe ƙaho da aƙalla hannu ɗaya ba. A fagen wasa ma an daɗe da wuce wannan tambaya. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta kasa masu naƙasa da ke hawa keke mai taya biyu rukuni biyar, C1 zuwa C5, kuma Sarah Storey ta Birtaniya, wadda aka haifa hannunta na hagu bai cika ba, ta tara zinare 19 a wasannin Paralympics, gasar masu naƙasa ta duniya, tsakanin ninkaya da keke. A gida, Emmanuel Ofosu Yeboah ya ratsa Ghana a 2001 a kan keke da ƙafa ɗaya mai aiki, tafiyar kusan mil 400, kuma fafutukarsa na cikin abin da ya share fage ga dokar masu naƙasa ta 2006, Act 715. Alem Mumuni ya wakilci Ghana a tseren keke a wasannin Paralympics na Landan a 2012.

Abin da titi ke nema ya fi abin da doka ke nema. Mai hannu ɗaya ba ya iya miƙa hannu ya nuna zai karya kwana. Sai ya dogara ga waiwaye, da madubi, da kama gefen da zai bi tun da wuri, ko fitilar sigina mai batir da maɓallinta ke ƙarƙashin babban yatsa. A mahaɗar da ta cika, sauka a tura ya fi. Ko gaisuwa ta sauya: a zango ba a wuce dattawa a majalisa ba a ɗaga hannu ba, shi kuwa sai dai sallama da baki da sunkuyar da kai. In hagu ce ta rage masa, ga kuma neman afuwa duk lokacin da zai miƙa kuɗi, a wajen Hausawa da Asante baki ɗaya.

Ta fuskar kuɗi, inshorar lafiya ta ƙasa, NHIS, ta sa gaɓoɓin roba da kayan tallafin ƙashi cikin jerin abubuwan da ba ta biya. Akwai kason da ake ware wa masu naƙasa daga asusun bai ɗaya na majalisun gundumomi, wanda ake nema ta ofishin jin daɗin jama'a na gunduma. Ga mazauna Aboabo da Asawase da Sawaba, majalisar Asokore Mampong ce tasu. Mai neman tallafi zai fi samun kunnen da zai saurare shi in ya nuna keken abin zuwa aiki ne ko kai kaya, wanda ga yawancin matasan zango gaskiyar ke nan.

A rumfar Aboabo, libobi biyu aka jera. Mai gyaran ya sauya wayoyin, ya ɗiga mai a bututu, ya kulle sarƙa a faifan tsakiya, ya toshe bakin ƙahon dama da murfin roba. Da ya gama bai miƙa keken ba, sai ya jingine shi a bayan benci.

"Ka je Gee tukuna su ga hannun nan. In sun yarda, ka zo ranar Lahadi da safe mu je filin makaranta, inda ba mota. Birkin baya kaɗai za ka yi ta matsawa har yatsan ya gane nasa, sannan mu taɓa na gaba."

"To, Masta. Nawa ne?"

"Kuɗin waya kawai. Sauran sai na ga ka tsaya inda na ja layi."